Albam Ɗinmu na Farko da Masoyansa na Bakin Gulbi

Ko da zan manta komai na ƙuruciyata, ba zan taɓa mantawa da wata ranar Asabar ba, da hantsi, a cikin ɗakin watsa shirye-shirye na wani gidan rediyo a nan Sakkwato. Shekara ta kai shida yanzu, amma har yau in na biyo ta titin a kan babur sai in ji hannuna ya ƙara wuta da kansa.

Bari dai in faro daga tushe, don in ba haka ba za ku ce shiryawa na yi.

Ni ɗan mahauta ne. Babana yana da rumfar nama a kasuwa, a wurin da kakana ya tsaya kafin shi, gidanmu kuma yana unguwar Gidan Dare. Tun ina ƙarami aka san ni da rashin zama wuri ɗaya. In an ce in zauna ƙafata na rawa, in an ce in tsaya ina zagaye. Na gama difloma, aiki bai samu ba, sai na koma taya Baba a rumfa: in sare ƙashi, in auna, in ƙulle a leda. Kafin azahar raina ya gama tashi. Ji nake kamar akwai wani abu a ƙirjina da yake neman hanyar fita, ban san sunansa ba, ban kuma san ta inda zai fito ba.

Abokina Nasiru mai walda ne ya sa masa suna. Wata rana na je shagonsa ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Saurari wanga." Kiɗan rok ne, irin mai nauyin nan, wanda jitar lantarki ke kuka kamar ana yanka ƙarfe, ganguna na dukan ƙirjin mutum, mawaƙi kuma yana ihu iya ƙarfinsa. Ban ji kalma ko ɗaya daga abin da Baturen yake faɗa ba, amma na miƙe tsaye. Na ce wa Nasiru, "Wallahi abin da ke cikina ke nan."

Ashe shi Nasiru ya yi shekara uku yana koyon jita a ɓoye. Ya saye ta ne a hannun wani makaɗin coci da zai koma garinsu, yana koya daga bidiyo a waya, har yatsunsa suka yi kanta a kan kantar walda. Sai muka jawo Bello, ɗan wani mai shagon atamfa a unguwar Gidan Dahala, wanda ya taɓa buga ganga a faretin makaranta kuma ya harhaɗa tsofaffin ganguna a ɗakin ajiyar kayan babansa. Ni kuwa babu abin da na iya kaɗawa, don haka na zama mawaƙi, na kuma zama shugaba. (Ba wanda ya zaɓe ni. Na dai riga kowa faɗa ne.) Muka sa wa ƙungiyar suna Tsatsa, saboda yanayin tsohuwar lasifikar da muke amfani da ita.

A bayan shagon walda muke gwaji, tsakanin la'asar da magariba. Wata biyar muna yi ba maƙwabcin da ya taɓa kawo ƙara. Na ɗauka girmamawa ce. Daga baya na gane cewa su a zatonsu aikin ƙofa Nasiru yake yi.

Da waƙoƙi suka kai takwas na ce lokaci ya yi, albam za mu yi. Muka nufi unguwar Minanata wurin Lawali, mai wani ɗan sutudiyo a ɗakin zauren gidansu, inda ya manna katifu a bango. Aikin Lawali waƙoƙin biki ne, da tallar maganin gargajiya, da waƙen ɗaliban Islamiyya in za a yi saukar karatu. Da muka yi masa gwajin farko, ya cire abin jin sauti daga kunnensa, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "To, ku gyara wayar jitar ga, tana ƙara."

Nasiru ya ce, "Haka aka son ta."

"Da gangan?"

"Da gangan."

Lawali ya mayar da abin jin sautin kunnensa, ya ce, "Allah shi kyauta. Ku shiga."

Cikin bazara muka yi aikin, zafin Sakkwato na gaske. Dole a kashe fanka saboda makirfo na ɗaukar ƙararta, dole a kai janareta can bayan gida saboda shi ma haka. Sai mu rufe ƙofa mu uku a ɗakin da katifu suka kewaye, mu fito kamar an tsamo mu daga rijiya. Bello ya karya sanda ta fi biyar. Ni kuwa muryata ta dishe sau uku, Inna tana ta dafa mini citta da kanumfari a zatonta mura ce.

Waƙoƙin duk a kan abin da ke ci mana rai ne: zaman banza, rashin wuta, manyan da ba sa jin kira. Wadda na fi ji da ita ita ce ta shida, don ni na rubuta ta kaf. Kira ne ga matasa, amshinta kuwa kalma biyu ne kacal, "Ku tashi!", ina maimaitawa ina ƙara ɗaga murya, har a ƙarshe in ja wani dogon ihu da sai da na ga duhu-duhu ranar da muka ɗauka. A raina na riga na hango filin wasa cike, dubban mutane suna amsa mini.

Ta huɗu kuwa ta Nasiru ce. A hankali take tafiya, kusan duk jita ce, baitina biyu ne kawai a ciki. Ya tsara ta ne bayan rasuwar mahaifiyarsa, ko da yake bai taɓa faɗar haka da bakinsa ba, mu dai mun sani. Ni kuma, da yake ni ne ni, ranar da ake haɗa sauti na ce a cire ta. Na ce wannan ai waƙar lallashin jariri ce, za ta kashe wa albam wuta. Bello ne ya ajiye sandunansa ya ce in an cire ta shi ma a cire gangarsa. Na haƙura, amma na rama ta wani wajen. Na tsaya a bayan Lawali, kowace waƙa ta zo sai in ce, "Ƙara muryar nan. Rage jitar. Ƙara. Ƙara dai."

Lawali ya ce, "Malam, ta hau bisa komi hwa."

Na ce, "Saƙon a murya yake."

Nasiru yana zaune a ƙasa ya jingina da katifa, yana ta murza yatsu. Shi dama haka yake, in abu ya yi masa zafi sai ya fara murza yatsunsa.

Farkon damina muka saki albam ɗin, muka sa masa suna Kukan Ƙarfe. Muka ɗora a intanet, na kuma kai wa Murtala, mai tura waƙoƙi a memori a bakin kasuwa, na ce ya riƙa saka wa duk wanda ya zo, ko ya nema ko bai nema ba. Daga nan na shiga jira, kuma ban iya jira ba. In duba waya ina sara, in duba ina aunawa, in duba ina alwala. Sau biyu na kusa raba yatsana da hannuna. Waɗanda suka saurara a makon farko ba su cika yatsun hannu biyu ba, kuma na san aƙalla uku daga ciki ni ne.

Na tura wa Luba, yarinyar da nake nema, na zauna ina kallon waya. Sai can ta kira ta ce, "Na ji. Kun yi ƙoƙari." Sai ta ƙara da cewa, "Amma lahiyarka ƙalau lokacin da kunka ɗauka?"

Inna ta saurari rabin waƙa ɗaya, ta tofa mini addu'a a ka. Baba kuwa na kunna masa a rumfa, yana wasa wuƙa. Bai daina wasawa ba. Da aka kai wurin ihun sai ya ce, "Shekara arba'in ina yankan shanu, ban taɓa jin wanda yay yi kuka haka ba." Maƙwabtan rumfa suka kwashe da dariya. Na kashe, na ce a raina, ai dama duk abin da ya zo da sabon salo sai an yi masa haka.

Damina ta yi nisa, shiru. Na daina zuwa gwaji sosai. Sai in hau babur in zagaya gari ba inda za ni, daga Gidan Dare zuwa Minanata, in dawo, in sake fita. In na ji kiɗa daga wani shago sai in rage gudu, ko namu ne. Bai taɓa zama namu ba.

Sai wata rana, ruwa ya fara janyewa, na bi ta wurin Murtala. Yana hango ni ya miƙe.

"Kai nika nema! Albam ɗin ga naku, mutane na ta zakkuwa nemanai."

Na kashe babur. "Wane albam?"

"Naku mana. Jiya mutum huɗu. Shekaranjiya wani ya zo da memori shidda, nashi da na 'yan garinsu. Duk mutanen bakin gulbi na, daga ƙauyukka. Har da dattawa."

Na diro daga kan babur. Dattawa! Daga ƙauye!

Murtala ya ce, "Amma tsaya in hwaɗa maka yadda abin yake, don..."

Na ɗaga masa hannu. (Wannan hannun, da zan iya komawa baya, da na sa shi a aljihu.) Na ce, "Ba sai ka hwaɗa ba, Murtala. Na sani. Na daɗe da sanin haka za ta faru."

Kafin in isa gida na gama gina bayanin a kaina. Mutanen birni sun lalace da waƙoƙin soyayya, kunnensu ya mutu. Talaka na ƙauye, wanda ya san zafin rana da zafin rayuwa, shi ne ya gane abin da muke faɗa. Ba sai an fassara masa ba, ihun nan nasa ne. Na koma wurin Murtala sau uku a makon, kullum labari ɗaya: ana ta zuwa, kuma yanzu ma waƙa ta shida suke ambata da lambarta. Kullum ya buɗe baki zai ƙara bayani, ni kuma na riga na tayar da babur.

Na fara sintiri gidan rediyo. Akwai wani shiri na ranar Asabar da ake hira da matasa masu fasaha, ana buɗe layi masu saurare su kira. Na dame su har mai gabatar da shirin, wata mata mai fara'a da kowa a garin nan ya san muryarta, ta ce to, mu zo mu ukun.

Ba wanda ban gaya wa ba. Na gaya wa layin mahauta kaf, na ce su kunna rediyo. Na gaya wa Inna ta tara maƙwabta. Na ce wa Luba lallai ta san yadda za ta yi babanta ya ji, don mutumin ya daɗe yana ja mini rai, yana cewa bai ga takamaimiyar sana'ata ba. Sannan na shiga gwanjo na sayi baƙar rigar fata mai zif, da sarƙa, da baƙin tabarau. (Eh, na sani. Rediyo ne. Ba mai ganina. A lokacin wannan tunanin bai zo mini ba, kuma ba wanda ya so ni da rahama balle ya tuna mini.)

Ranar Asabar muka shiga. Ɗaki mai sanyi, teburi, makirfo huɗu, ga wani ma'aikaci a bayan gilashi yana kula da na'urori. Nasiru ya sa kaftaninsa na Juma'a, Bello ma haka. Ni kaɗai na yi kama da wanda ya ɓata hanya.

Jar fitilar fara shiri na kamawa sai wani abu ya same ni: harshena ya juye. Ni da aka haifa a Gidan Dare, ban taɓa kwana uku a Kano ba, sai ga ni ina zuba Kananci, ina yayyafa masa Turanci. Duk "munka" ta koma "muka", duk "wanga" ya koma "wannan". Bello ya juyo yana kallona kamar yau ya fara ganina.

Mai gabatarwa ta tambayi Nasiru yadda ya koyi jita. Bai kai ga rufe jimlar farko ba na karɓe. Na ce Nasiru yana ƙoƙari ƙwarai, amma a irin wannan kiɗa jita rakiya ce, saƙon a murya yake. Ta tambayi Bello, na amsa masa shi ma. Ta ce to yaya jama'a suka karɓi albam ɗin? Nan fa na gyara zama.

Na ce, "Hajiya, abin da zai ba ki mamaki, birni bai gane mu ba tukuna. Amma ki je ƙauyukan bakin gulbi. Manoma, dattawa masu furfura, suna tahowa takanas su nemi albam ɗinmu. Me ya sa? Saboda mun taɓa musu inda yake musu ciwo. Zamanin kalangu da goge ya wuce. Talaka ya gaji da a yi masa kirari, yana son wanda zai yi ihu a madadinsa."

Kalangu fa na ce. Ni ɗan mahauta, wanda kalangu kiɗan gidansu ne, kuma layin mahauta kaf na saurare.

Aka saka waƙa ta shida, aka buɗe layi. Mai kira na farko gaisuwa ya miƙa wa abokansa ya kashe. Na biyu layinsa ya yanke. Na uku kuwa murya ce ta dattijo, tana fitowa tare da iska da kukan wani abu can nesa.

"Salamu alaikum. Garba na, daga bakin gulbi. Yaran ga masu Kukan Ƙarhe na kunka kawo?"

Mai gabatarwa ta ce, "Su ne, Baba, ga su suna jin ka."

Na dubi Nasiru na ɗaga masa gira. Na matso da makirfo na ce, "Muna jin ka, Baba. Faɗi abin da ke ranka."

"To, ɗiyana, ni godiya nika yi. Allah shi yi muku albarka, Allah shi jiƙan mahaihwa. Bana kun share muna hawaye."

Wallahi sai da idona ya kawo ruwa a bayan tabarau. Na ce, "Baba, don ku muka yi."

"Mun gani kuwa. Don bara jan-baki bai bar muna komi ba. Shinkahwa na hidda kai, tsuntsun ga ya sauko kamar hadari. Mu yi ta bugun gwangwani, mu yi ta jan igiya, mu yi ta kuwwa tun asuba har muryarmu ta mutu, a banza. Amma bana, tun da wani yaron garinmu yaz zo da kiɗan ga cikin memori, munka ɗaura lasihika bisa sanda tsakiyar hwadama, munka haɗa da sola, to ko ɗaya ba ya sauka."

Ban gane ba. Da gaske nake, kunnena ya ji, amma kaina ya ƙi karɓa. Na ga dai mai gabatarwa ta sa hannu ta rufe bakinta. Na ga ma'aikacin bayan gilashi ya sunkuya har ya ɓace daga gani.

Kanancin nan da na aro ya kama gabansa. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Mi? Mi kac ce, Baba?"

"Tsuntsu, ɗiyana! Jan-baki! Ta shiddan nan ita ta magani. In yaron nan mai ihu ya ce ku tashi, wallahi sai su tashi! Ko na gonar maƙwabci sai sun tashi. In ya ja doguwar nan ta ƙarshe kuwa, har jakina sai da yat tsinke igiya. Wane na cikinku mai ihun? A gaishe shi, Allah ya ba shi baiwa."

Bello ya kifa kansa a kan teburi, kafaɗunsa na girgiza. Mai gabatarwa ta yi ta maza ta danne, ta ce da wata siririyar murya, "To Baba, duk waƙoƙin ne ke korar tsuntsun?"

(Hajiya, in kina karanta wannan, na yafe miki. Amma tambayar nan ba ta zama dole ba.)

"A'a, ba duka ba. Akwai guda, ta huɗu, mai sanyin nan. Ita kam ba ta aiki, in taz zo suna dawowa. Yara sun ce a goge ta, ni na hana. In taz zo sai in bar su su ci rabonsu, in zamna bisa kunyar gona in saurara. Ban san mi mai kiɗin ad da nuhi ba, amma ni tsohuwata taka tuna mani, Allah shi jiƙanta. Wanda yak kaɗa wagga, ya san rashi."

Bello ya ɗago. Na juya na dubi Nasiru, ya sunkuyar da kai yana murza yatsunsa, sai ga hawaye ya ɗigo a kan kaftaninsa na Juma'a. Ya matso da bakinsa kusa da makirfo, karo na farko tun da aka fara shirin, ya ce, "Amin, Baba. Na gode."

Dariyar da aka yi mini ba ta kai wannan zafi ba. Ina zaune cikin rigar fata, gumi na bin bayana duk da sanyin ɗakin, na tuna bakin da na buɗe na ce a cire waƙar, da tsayuwar da na yi a bayan Lawali ina cewa a rage jita. Albam guda, mutum ɗaya ya saurara da zuciyarsa a duk faɗin jihar nan, kuma ba ni ya saurara ba.

Ban san yadda aka rufe shirin ba. Na dai san na cire rigar tun a harabar gidan rediyon na cusa ta a ƙarƙashin sirdin babur. Waya tana ta ruri a aljihuna, ban duba ba. Na yi niyyar in wuce gida in kulle kaina, sai na tuna Asabar ce, ranar cikar kasuwa, Baba na jirana a rumfa. Na zagaya kasuwar sau biyu kafin in iya tsayawa.

Ina sa ƙafa a layin mahauta wani ya ɗaga murya, "Ku tashi!" Sai layin gaba ɗaya, manya da ƙanana, masu wuƙa da masu gatari, suka buɗe hannuwa suna kaɗawa kamar fiffike. Tsoho Mamman mai kalangu, wanda ya fi shekara talatin yana yi wa mahautan layin kiɗa, yana zaune a bakin rumfarmu. Ya dai saɓa kalangunsa ya kaɗa amshin waƙar tawa, daidai, ba kuskure, har da doguwar ta ƙarshe. Kasuwa ta kaure.

Baba bai yi dariya ba. Ya miƙo mini gatari ya nuna mini cinyar saniya. Sai da na gama sarawa, mutane suka ragu, sannan ya ce a hankali, "Tsuntsu ba abin kunya ba na. Abin kunya shi na mutum ya hau rediyo ya zagi kiɗan da anka yi ran sunanai. Tahi ka ba Mamman haƙuri." Na je na durƙusa. Tsohon ya dafa kaina ya ce ba komai, ya ƙara da cewa muryata tana da ƙarfi, saura in koyi inda ake ajiye ta.

Wurin Nasiru ya fi wuya. Kwana uku ina wucewa ta gaban shagonsa ina kasa tsayawa. A rana ta huɗu na shiga, yana walda, na tsaya har ya ɗaga gilashin fuskarsa. Na shirya dogon jawabi, amma abin da na iya cewa kawai shi ne, "Na yi maka ba daidai ba." Ya dube ni, ya ce, "Riƙe man ƙarhen ga." Na riƙe. Da la'asar muka koma bayan shago, muka kira Bello. Bayan mako biyu muka koma wurin Lawali ya sake haɗa sautin albam ɗin, ni kuma aka ce in jira a waje.

Luba ta yi wata guda ba ta iya kallona ba tare da ta fashe da dariya ba. Babanta kuwa, abin mamaki, sai ya sauko. Ashe yana da gonar shinkafa. Ya ce wa Baba duk yaron da manoma ke sa wa albarka ba za a kira shi mara sana'a ba. Bayan girbi kuma sai ga buhun shinkafa a ƙofar gidanmu, saƙon Malam Garba, an rubuta a jikinsa da gawayi: na mai ihu. Inna ta tuƙa tuwo da ita, na ci, kuma ba zan ɓoye muku ba, na ƙara.

Da shekara ta zagayo, ina rumfa ina aunawa, sai ga kiran Malam Garba. Muka gaisa, ya tambayi iyali, don lokacin an ɗaura aurena da Luba. Sai ya ce, "Ɗiyana, ba ku yi sabo ba?"

Na ce muna kan aiki, amma wannan karon da sanyi-sanyi za a yi shi.

Ya ce, "Kash. Don tsuntsayen ga sun saba. Bana har bisa lasihikar suka sauka. In kac ce ku tashi, sai su dube ta su ci gaba da ci."

Na yi masa godiya, na kashe waya, na tsaya riƙe da ma'auni. Wato ko jan-baki shekara ɗaya ya ba ni.

Abin da na koya dai ba shi da yawa. In aka ce maka mutane suna rububin aikinka, kafin ka nufi gwanjo neman rigar fata, tsaya ka tambaya me suke yi da shi. In kuma wani ya ce maka, "Tsaya in hwaɗa maka," to, kashe babur.